Bawul ɗin da ke huci ba maƙiyinka ba ne

Idan kana bin hanya daga Samaru zuwa Kwangila, ko ka shiga Muchia da Sabon Gari, ba za ka yi nisa ba ka ga mai faci da injin iskarsa ba. Ka lura da saman tankin. Akwai wani ɗan bawul na tagulla, galibi da zobe a kansa. A wasu wuraren za ka tarar an matse shi da sifana har ƙarshe, a wasu an naɗe shi da waya, wasu ma sun cire shi sun toshe gurbin da noti. Dalili? "Yana zubar mana da iska." Wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma kuskure mai iya cin rai.

A cikin bawul ɗin akwai sifirin da ke danne wani ɗan murfi. Iskar tanki na tura murfin sama, sifirin na tura shi ƙasa. Da zarar matsin iskar ya wuce adadin da aka saita, sai murfin ya ɗaga, iska ta fita. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya wallafa ƙa'idar da abin ya dogara a kanta: gwargwadon yadda ka matse sifirin, gwargwadon ƙarfin da zai tura ka. Wato duk juyin da ka yi wa notin, kana ɗaga matsin da bawul zai jira kafin ya buɗe.

Bari mu yi lissafi. Tayar ƙaramar mota tana ɗaukar ba 2 da 'yan kai. Irin waɗannan tankuna kan yi aiki a wajen ba 8, wato kusan nauyin kilo 8 a kan kowane murabba'in santimita. Tankin da faɗinsa ya kai santimita 40, murfin gefensa kaɗai yana ɗauke da turin da ya kai tan 10. Ga kuma ruwan da ke taruwa a ciki, musamman da damina, yana cin ƙarfen ta inda ido ba ya gani. Tanki na ƙara rauni, kai kuma kana ƙara masa kaya.

A yi adalci, mai faci ba ƙarya yake ba. Sifirin yana gajiya: zafi, tsatsa da yawan matsewa na rage masa ƙarfi, sai bawul ya soma buɗewa da wuri. Man da aka ƙona don tara iskar kuwa kuɗi ne. Amma fa huci alama ce kawai. Ƙila sifirin ne ya saki, ƙila datti ne ya hana murfin zama, ƙila kuma na'urar da ke tsayar da injin ce ta mutu, matsin ya wuce kima da gaske. A na ukun, bawul ɗin aikinsa yake yi. Wanda ya matse shi bai san wanne ne cikin ukun ba. Idan kuma ya matse har zoben sifirin suka haɗu, murfin ba shi da wurin ɗagawa sam.

An taɓa yin haka. A 1831, a Amurka, mai hura wutar wani kan jirgin ƙasa da ake kira Best Friend of Charleston ya gaji da hucin bawul ya danne shi. Tukunyar ta fashe, shi ma bai tsira ba.

Ka dubi masu wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara a Turai. Maƙalin da ke riƙe takalminsu da katakon zamiya yana da sifirin da zai saki ƙafa idan mutum ya faɗi, don kada ƙashin ƙwauri ya karye. Ana saita lambarsa bisa nauyin mutum, tsayinsa, shekarunsa, tsawon takalmi da gwanintarsa. Duk da haka masu gyara ba sa yarda da lambar da ke jiki. Sai sun murɗa takalmin da na'urar awo sun ga ainihin ƙarfin da ya saki. Maƙalin da ya faɗi gwaji ajiye shi ake yi. Darasin a nan shi ne, tsohon sifirin awo ake yi masa, ba hasashe ba.

To me za a yi? Idan bawul na huci, a fara duba geji mai kyau a ga matsin da yake buɗewa a kai. A gyara abin tsayar da injin. Idan bawul ɗin ne ya lalace, a sayi sabo wanda lambarsa ba ta wuce wadda ke rubuce a jikin tankin ba. A riƙa jan zoben lokaci-lokaci don a tabbata bai maƙale ba, a kuma kwance notin ƙasa kullum ruwa ya zube. Tankin da tsatsa ta huda ba na walda ba ne, na 'yan gwangwan ne.

Laifin ba na masu faci ba ne su kaɗai. Sashen injiniyan kanikanci na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga Muchia. Gwada bawul ba ya buƙatar fiye da geji mai inganci da tushen iska. Ƙungiyoyin masu faci da ɗaliban sashen za su iya haɗa kai su ware rana guda a shekara don wannan awo. Kai kuma da kake tsayawa dab da tankin ana ba tayarka iska, ka ɗaga ido ka duba. Idan ka ga waya a kan bawul, ka yi wa mai wurin magana cikin mutunci, sannan ka ja da baya.