Nasihar Bishma ga sarki: darajarta da inda ta gaza

Mahabarata, doguwar waƙar Indiya da aka tsara da harshen Sanskirit, tana da littattafai 18. Na 12 daga cikinsu, Shanti Parba, shi ne mafi tsawo, kuma a cikinsa aka fi shimfiɗa abin da addinin Hindu ke kira rajadarma, wato haƙƙin da ke wuyan sarki. Masu bin wasan kwaikwayo sun san Bishma ta bakin Sotigui Kouyaté, wanda ya fito a matsayinsa cikin wasan da Peter Brook ya gabatar a Abinyon ta Faransa a 1985.

Babbar hikimar littafin tana cikin yanayin da aka saka nasihar. An gama yaƙin Kurukshetra na kwana 18. Yudishtira ya ci nasara, amma jinin danginsa ya dame shi har ya ce zai bar gadon sarauta ya shiga daji. Mai yi masa nasiha kuwa shi ne Bishma, dattijon da ya jagoranci rundunar da aka ci, yana kwance bisa kibau yana jiran ajali. Wanda zai mutu ba ya neman sarauta ko kyauta, saboda haka maganarsa ta kuɓuta daga zargin fadanci.

Bishma ya kafa hujjarsa bisa tsoron zaman da babu shugaba, inda babban kifi ke haɗiye ƙarami. Jama'a na biyan haraji, wanda aka saba ƙayyadewa kashi ɗaya cikin shida na amfanin gona, sarki kuma yana biyan su da tsaro. Ana son ya karɓi harajin kamar yadda ƙudan zuma ke tsotsar fure ba tare da ya ɓata shi ba, ko kamar mai tatsar saniya da ke barin wa maraƙi rabonsa. An kwatanta shi da mace mai ciki wadda ke danne sha'awarta don lafiyar abin da ke cikinta. An kuma ce sarki ne ke gyara zamani ko ya ɓata shi, don haka ba shi da damar ɗora laifinsa kan zamani. Waɗannan misalai daga gona da garke suka fito, shi ya sa talaka ma zai iya auna sarkinsa da su.

Sai dai littafin yana da rauni biyu. Na farko, adalcin da yake nema ya tsaya cikin tsarin azuzuwa huɗu na haihuwa: aikin sarki ne ya tsare kowa a inda aka haife shi, tare da fifita Barahmanawa wajen hukunci. Na biyu yana cikin sashen apaddarma, dokar lokacin tsanani, wadda ke halatta abin da aka hana idan masifa ta sauka. Nan ne aka ba da labarin kusu da mussa: mussa ta faɗa tarko, kusu kuma yana tsoron mujiya da tunku, sai suka ƙulla amana. Kusu ya riƙa cizon igiya sannu a hankali, bai yanke ta ƙarshe ba sai da maharbi ya bayyana, daga baya kuma ya ƙi abota da ita. Malaman da suka karanta Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya mayar Larabci a ƙarni na 8, sun san labarin, domin daga nan aka ɗauko shi. Darasin yana da kaifi, amma wa zai yanke cewa tsanani ya zo? In sarki da mashawartansa ne, to ƙofar da aka buɗe don larura za ta zama hanyar kullum.

Malamin da zai kai wannan littafi aji zai fi amfanar ɗalibansa in ya haɗa musu misalin ƙudan zuma da labarin kusu a zama ɗaya, ya bar su su tantance wanne sarki zai bi ranar da baitulmali ya bushe.