Arhar Wa? Karatun Littafin The Beach daga Bakin Iyakar Illela

Mu mutanen Illela ta jikin buhu muka fara sanin ƙasar Tailan. Shekara da shekaru shinkafarta tana sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, ta hauro ta Nijar, ta tsallako mana ta Birnin Ƙonni, sau da yawa a bayan babur cikin dare. Fasa-ƙwaurinta na cikin manyan dalilan da gwamnati ta bayar da ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, aka daɗe ana kallon juna ta shinge har Disamban 2020 da aka buɗe iyakarmu. Matasan Turai kuwa wata Tailan ɗin suka sani daban: ƙasar da saurayi zai saɓa jakar goyo ya shafe watanni yana yawo daga wannan tsibiri zuwa wancan, da kuɗin da ba za su riƙe shi wata guda a garinsu ba.

Wannan irin yawo yana da tarihinsa. A 1973 wasu ma'aurata, Tony da Maureen Wheeler, suka buga ɗan littafin jagora kan yadda ake ratsa nahiyar Asiya da guzuri kaɗan, daga nan kamfanin Lonely Planet ya samo asali. Littattafansu suka riƙa nuna wa matasa masauki mai arha da bakin teku mai tsit, duk inda suka nuna kuma sai jama'a su yi ca, tsit ɗin ya gudu. A kan wannan matsala Alex Garland, Baturen Ingila, ya gina ƙagaggen labarinsa The Beach, wanda ya fito a 1996 yana ɗan shekara 26. Mun ɗauko shi ne domin matasanmu ma sun fara rubuta labarin tafiye-tafiyensu da ɗaukar hotunansu a waya, kuma salon waɗancan 'yan jakar goyo suke kwaikwayo. Ya kamata mu san abin da ke cikin tukunyar kafin mu sa hannu.

Labarin a taƙaice: Richard, saurayi ɗan Ingila, ya sauka a wani masauki mai arha a titin Khao San na birnin Bankok. Wani maƙwabcin ɗakinsa da ke kiran kansa Daffy ya bar masa taswirar da ya zana da hannu, sannan ya kashe kansa. Taswirar tana nuna wani bakin teku a ɓoye, cikin tsibirin da hukuma ta hana baƙi shiga. Richard ya ja wasu masoya biyu 'yan Faransa, Étienne da Françoise, suka yi iyo suka tsallaka, suka ratsa gonar tabar wiwi da wasu mutanen ƙasar ke gadi da bindigogi, suka diro ta saman wani ruwa mai zubowa daga dutse. A can suka tarar da wasu baƙi 'yan uwansu, mutum talatin ko kusa da haka, sun kafa zama ƙarƙashin wata mata mai suna Sal. Suna kamun kifi, suna noman lambu, dokarsu ɗaya ce: kada kowa ya ji labarin wurin.

Abu na farko da Garland ya ƙware a kai shi ne taswirar nan. Tun kafin ya isa tsibirin, Richard ya kwafe ta ya bar wa wasu Amurkawa biyu, Zeph da Sammy. Ba mugunta ta sa shi ba, tsoro ne, yana son wani ya san inda ya nufa. Daga wannan takarda guda duk masifar littafin ta taso. Mu da sana'armu ita ce rubuta manhajar kwamfuta mun san wannan ciwo sarai: abin da ake iya kwafewa ba tare da an rage wa na asali komai ba, ba ya ɓoyuwa. Richard sai da ya nemi alƙalami da takarda. Yau kuwa mutum ya ɗauki hoto ya liƙa masa alamar wuri, manhajar ta lura mutane na tsayawa suna kallo, sai ta ƙara tura shi ga wasu dubbai. Ba ruwanta da cewa rairayin da ke cikin hoton yana da iyakar ƙafafun da zai iya ɗauka. Garland ya rubuta littafinsa kafin wayar hannu mai taswira ta zo, amma ya hango cewa mai neman wurin da babu kowa shi ne na farko a layin masu cika shi.

Duniya kuma ta gaskata shi ta hanyar da bai nema ba. A 2000 darakta Danny Boyle ya mayar da labarin fim, Leonardo DiCaprio ya fito a matsayin Richard, aka ɗauki fim ɗin a gaɓar Maya da ke ɗan tsibirin Phi Phi Leh. Fim ɗin ya zama taswirar da aka kwafa wa duniya baki ɗaya. Dubban mutane suka riƙa sauka kullum cikin jiragen ruwa masu inji, murjanin da ke ƙarƙashin ruwa ya lalace, har hukumomin Tailan suka rufe wurin a watan Yunin 2018. Sai a Janairun 2022 aka sake buɗe shi, da sharuɗɗa, ciki har da hana yin iyo. Labarin da aka rubuta don gargaɗi ya koma talla.

Abu na biyu shi ne shinkafa. Mazauna bakin tekun suna ganin sun rabu da duniya, sun wadatu da kansu. Amma lokaci zuwa lokaci sai an tura mutum cikin kwale-kwale zuwa tsibirin Ko Pha-Ngan ya sayo buhunan shinkafa da batir da sabulu. A nan ƙaryarsu take fitowa fili. Aljannarsu a kan gumin manomin Tailan take tsaye, da kuma kuɗin ƙasashensu da ke da ƙarfi a gaban kuɗin masu ƙasa. Wannan darasi ba sai an koya wa ɗan Illela ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban 'yan canji a bakin iyaka ya san arha ba halin wuri ba ce, lissafi ce tsakanin aljihu biyu. Akwai lokacin da mai naira ke shiga Ƙonni yana ganin komai banza. Tun da darajar naira ta faɗi daga 2023, mai sefa ne ke shigowa kasuwar Illela ranar Lahadi da jika kaɗan ya cika buhu. Masarar ba ta sauya ba, mai sayar da ita ma bai sauya ba. Duk inda matafiyi ya ce wuri yana da arha, a tambaye shi nawa mai dafa masa abinci ke samu a wuni.

Ga kuma abin da littafin bai ma ɗauke shi abin magana ba, saboda Richard bai taɓa jin nauyinsa ba: takardar tafiya. Fasfonsa yana buɗe masa ƙofa kusan ko'ina. Mu kuwa tsakaninmu da Ƙonni 'yan kilomitoci ne, harshe ɗaya, auratayya ɗaya, amma a Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli a Yamai, aka sake garƙame iyakar har zuwa Maris na 2024, manyan motoci suka yi layi kaya na lalacewa. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan yankin damar kwana 90 a ƙasar maƙwabta ba biza, ga shi Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025. Mai karanta The Beach daga nan zai ga cewa babban guzurin ɗan jakar goyo ba ya cikin jakar. Yana da gidan komawa, yana da ofishin jakadancin da zai nemo shi in ya ɓata.

Inda littafin ya fi taɓa zuciya shi ne bayan kifin shark ya afka wa wasu 'yan Suwidin uku masu kamun kifi. Ɗaya ya mutu, ɗaya ya zautu, ɗaya mai suna Christo yana kwance yana jiran ajali. Ba a kai shi asibiti ba, don kada asirin wurin ya tonu. Jama'ar suka kau da kai, suka ci gaba da shirin biki, mutum ɗaya ne, Jed, ya zauna jinyarsa. Garland bai yi wa'azi ba, ya bar mu muka ga yadda mutanen da jin daɗi kawai ya haɗa su ba su da abin yi da mara lafiya. A gwada wannan da tsarin ayarin fatake na da, masu zuwa Gwanja sayen goro: akwai madugu mai ɗaukar nauyin kowa, akwai zango, akwai maigida a garin da aka sauka wanda ke tsaya wa baƙo. Har yau ɗan ci-rani da ya sauka Legas ko Kumasi yana da sarkin Hausawa ko sarkin zango da za a kai wa maganarsa in ya kwanta ciwo ko ya rasu. Ba mu ce fatake waliyyai ba ne, ayarin da ya ɗauki goro ya ɗauki bayi. Amma tafiyarsu ta san mutuwa na cikin hanya, ta yi mata tanadi.

Raunin littafin yana wurin mutanen Tailan. Masu ƙasa ba su da baki a cikinsa: ko mai shara a masauki, ko mai tuƙa kwale-kwale, ko mai gadi da bindiga. Masu kare Garland za su ce da gangan ne, tun da ta idon Richard muke kallo, shi kuwa kansa cike yake da wasan Game Boy da finafinan yaƙin Biyetnam, ƙasar mutane filin wasa ce a wurinsa. Mun yarda da niyyar, amma dabarar ta ci littafin. Marubucin da ke zargin jaruminsa da makanta, sannan shi ma bai ba wanda aka ƙi gani ko shafi ɗaya ba, ya bi sawun wanda yake zargi. Da an bar mu mun ji lissafin shugaban masu gadin nan, wanda baƙi ke jefa abincinsa da ransa cikin haɗari, da ƙarshen labarin ya fi nauyi. Maimakon haka sai aka rufe da jini da hauka a daren biki, abin da ya fi kama da fim ɗin ban tsoro.

To mu ina namu? Adabin Hausa cike yake da tafiya. Dorugu ya bi Heinrich Barth har Landan a 1855, ya ba J. F. Schön labarin abin da ya gani, aka buga cikin Magana Hausa a 1885. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji shi ma wurin da ba wanda ya san hanyarsa ya nema, sai dai don ya ɗebo magani ya kawo gida. A Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa uwa ta ratsa hamada neman ɗanta. Imam ya sake ba mu Tafiya Mabuɗin Ilmi bayan ziyararsa Ingila a 1943, Malam Aminu Kano ya ba mu Motsi Ya Fi Zama. Amma daga baya labaran tafiya na gaskiya suka fi fitowa daga manya, waɗanda aka gayyata aka kuma biya musu kuɗin jirgi. Talaka mai tafiya da sanda da buta da tabarma ya yi ƙaranci a takarda.

Alhali muna da namu ɗan tsibirin. Sawakin ke nan, a gaɓar Bahar Maliya ta Sudan, ƙaramin tsibiri mai gine-ginen dutsen murjani, inda mahajjatan ƙasa ke hawa jirgin ruwa zuwa Jidda. Mutane sun tashi daga ƙasar Sakkwato a ƙafa, suna tafiya suna ƙwadago, su tsinci auduga a gonakin Jazira su tara kuɗin gaba, wasu su yi shekaru kafin su ga teku. Wasu ba su ƙarasa ba, ba su kuma dawo ba. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi bayan yaƙin Burmi na 1903. Masana irin su J. S. Birks da C. Bawa Yamba sun rubuta littattafai da Turanci a kan waɗannan matafiya. Tafiya ce ta matuƙar ƙarancin guzuri, kuma tsofaffin da suka ji labarinta daga bakin waɗanda suka yi ta suna ƙarewa.

Shi ya sa muke ba marubutanmu shawarar su karanta The Beach don su ga inda ramin yake. Wanda zai rubuta tafiyarsa, ko daga tashar Sakkwato ce ta Kware da Gwadabawa zuwa Illela, ya faɗa mana nawa ya biya, shinge nawa ya wuce, wa ya ba shi ruwa, me mai kabu-kabun da ya tsallaka da shi ke cewa game da rufe iyaka. Ya bar mai albasar Galmi ta yi magana da bakinta. In ya ga wuri mai kyau, ya tambayi masu wurin ko suna son a nuna wa duniya hanyarsa kafin ya danna aikawa.