Saƙon Murya da Sabon Mai Shela a Zamfara

A da, labarin da ya shafi gari daga sama yake gangarowa: daga fada zuwa hakimi, zuwa dagaci, sannan sankira ya zaga da shela, kafin rediyo ta karɓi aikin. A Zamfarar yau mai shelar yana iya zama direban da ya baro Tsafe ya hangi an tare hanyar Gusau, ya ɗauki waya ya yi maganar rabin minti a WhatsApp. Saƙon murya ya samu gindin zama ne domin bai tambayi kowa takardar boko ba. Manomin Bungudu da malamin jami'a bakinsu ɗaya a cikinsa. Har ya yi tsari irin nasa: sallama, sunan ƙauye, lokacin da abin ya faru, sai roƙon a tura gaba. Wannan roƙon na ƙarshe shi ne ya mayar da mai sauraro abokin aiki, kuma a ganina nan ne canjin yake.

Tasirin bai tsaya a gargaɗin hanya ba. A watan Afrilun 2019 kiraye-kirayen intanet suka fito da mutane zanga-zanga a Abuja kan kashe-kashen Zamfara, 'yar jarida Kadaria Ahmed tana cikin jagororinta, kuma a kwanakin ne gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a jihar. A Yulin 2022, da hotunan naɗin ɗan bindiga Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoton Daji ta ƙaramar hukumar Tsafe suka bazu, surutun jama'a ya yi ƙarfin da gwamnatin Bello Matawalle ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin.

Masu suka suna cewa ƙofar da talaka ya shiga ta nan ɗan bindiga ya biyo, kuma gaskiya suka faɗa. Ɗan bindiga Bello Turji kan aiko da bidiyonsa, masu kai wa 'yan bindiga rahoto suna aiki da waya, tsohon hoto yakan dawo a matsayin harin jiya ya tayar da hankalin gari. Sai dai an riga an gwada maganin da wannan suka ke nunawa. A farkon Satumbar 2021 hukumar sadarwa ta ƙasa ta rufe layukan waya a faɗin jihar bisa buƙatar gwamnatin jihar. An buɗe na Gusau a farkon Oktoba, sauran yankuna sai ƙarshen Nuwamba. Hare-hare ba su ƙare ba, amma ƙauyen da aka afka wa ya rasa hanyar kiran ɗauki, masu POS suka zauna hannu rabbana, jita-jita kuwa ta koma baki da baki inda babu mai ƙaryata ta. Lokacin da aka kwashi ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau a Sabon Gida ta Bungudu a Satumbar 2023, wayoyin nan ne suka hana a binne zancen, har ya kai ga fadar shugaban ƙasa ta yi magana.