Littattafai Biyu da Suka Cancanci Zama a Akwatin Fasto

Manzo Bulus yana kurkuku, ƙarshen ransa ya kusa, amma da ya rubuta wa Timoti wasiƙa ta biyu sai da ya roƙe shi ya kawo masa littattafansa (2 Timoti 4:13). In tsohon manzo bai ƙoshi da karatu ba, ina ga makiyayin da ke kiwon tumakin Ubangiji a Garwa, ko Gidar, ko Figil? Sai dai fasto a arewacin Kamaru kuɗinsa kaɗan ne, lokacinsa ma haka. Ya yi makaranta da Faransanci, yana wa'azi da Fulatanci ko Hausa ko harshen kabilarsa. Dole ya zaɓa da hankali.

Ba a gardama a kan tushe. Littafi Mai Tsarki ne na fari, cikin harshen da jama'a ke ji. Na Hausa ya fito cikakke tun 1932, na Fulatancin Kamaru kuwa a 1983. Bayansa sai sharhin nan mai kundi ɗaya da masana 70 na Afirka suka rubuta ƙarƙashin jagorancin Tokunboh Adeyemo, wanda ya fito da Turanci a 2006, da Faransanci a 2008, daga baya kuma aka juya shi zuwa Hausa. Waɗannan su ne fartanya da gatarin mai wa'azi. Tambayar ita ce, me zai karanta bayansu domin ya san filin da yake nomawa?

Akwai marubuta biyu da aka haifa shekara ɗaya, 1936, waɗanda ba kasafai ake samunsu a akwati ɗaya ba. Na farko Byang Kato ne, ɗan Kwoi a arewacin Najeriya, mutumin ikkilisiyar ECWA. Na biyu Jean-Marc Ela, limamin Katolika ɗan Ebolowa a kudancin Kamaru. Mai karanta ɗaya yakan yi wa ɗayan kallon hadarin kaji. Wannan hasara ce, gama kowannensu ya ga abin da ɗan'uwansa bai tsaya a kai ba.

Littafin Kato mai suna Theological Pitfalls in Africa, wato ramummukan da masu tauhidi ke iya faɗawa ciki, ya fito a 1975, shekarar da marubucin ya rasu a teku kusa da Mombasa yana da shekara 39. Damuwarsa ɗaya ce: kada a wayi gari ana koyar da cewa kowane addini hanya ce ta ceto. Ya bincika addinin gargajiyar mutanensa, Jaba, ya yarda cewa sun san akwai Mahalicci, amma ya ce sanin nan bai kai ga ceto ba sai ta wurin Yesu Almasihu. A kan wannan ya ja da manyan malamai kamar John Mbiti da Bolaji Idowu.

Ƙarfin littafin shi ne ba ya kewaye-kewaye. Faston da dattijon ikkilisiyarsa ke zuwa sujada ran Lahadi, ran Litinin kuma ya kai kaza wurin boka, zai sami abin tsayawa a kai. Rauninsa kuwa ba ɓoyayye ba ne. Harshensa yana da zafi, masana da yawa kuma suna ganin bai yi wa Mbiti cikakken adalci ba. Ban da haka, mai karatu zai kai ƙarshen littafin ya san abin da zai ƙi, amma bai sami taimako sosai a kan yunwa, da bashi, da zaluncin masu iko ba.

A nan ne Ela ya shigo, shi kuwa ɗan gida ne. Ya yi shekaru fiye da 10 a Tokombere, a gindin duwatsun Mandara, wurin da Baba Simon Mpeke ya yi hidima ba takalmi a ƙafarsa. Daga zaman nan ne littattafansa biyu suka fito: Le cri de l'homme africain a 1980, da Ma foi d'Africain a 1985. Ya ce tauhidin kirki a gindin itace ake yinsa, tare da manoma, ana karanta Maganar Allah ana kuma duban rumbu. Ya tambayi dalilin da ya sa ake matsa wa talaka ya noma auduga don kasuwar ƙetare alhali geronsa ba ya kai shi damina. Wanda ke zaune a Garwa, inda hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, ba ya bukatar a fassara masa wannan tambaya. Ya kuma tambayi yadda aka yi Jibin Ubangiji ya dogara ga alkama da inabin da ake kawowa daga Turai, a ƙasar da gero da dawa ne abincinta. Labarin Fitowa daga Masar shi ne ginshiƙinsa: Allah yana jin kukan waɗanda ake zalunta.

Shi ma yana da nasa gibin. Faransancinsa na masu digiri ne, mai bishara na ƙauye zai sha wuya da shi. Wasu babobin sun shafi tsarin ikkilisiyar Katolika kaɗai. Abu mafi nauyi kuma, ya fi ganin zunubi a cikin tsarin mulki da ciniki fiye da cikin zuciyar mutum. Faston da ya ɗauki Ela shi kaɗai zai iya zama mai jawabin siyasa a bagade. Wanda ya ɗauki Kato shi kaɗai kuwa zai iya tsare koyarwa da kyau, ya bar gwauruwa ta kwana da yunwa a bayan majami'a. Wasiƙar Yakubu ta yi wa irin wannan bangaskiya hukunci tun da daɗewa.

Akwai batun da dukansu biyu ba su zauna a kansa sosai ba, wato zama da maƙwabta Musulmi, abin da Kirista a Garwa da Marwa da Ngaundere ke yi kowace safiya. Littafin Lamin Sanneh, Translating the Message, na 1989, zai taimaka. Sanneh ɗan Gambiya ne, a gidan Musulmi ya tashi, ya kuma bayyana cikin ladabi dalilin da ya sa bishara ke shiga kowane harshe ta zama ta gida.

Saura maganar tsada. Ba lalle kowane fasto ya mallaki waɗannan duka ba. Gunduma ɗaya tana iya sayen kwafi guda, a ajiye wurin shugaba, ana aro ana mayarwa. A taron fastoci na wata-wata, wanda ya iya Turanci ya karanta babi ɗaya na Kato ya bayyana wa sauran, wanda ya ƙware a Faransanci ya yi haka da Ela, sa'an nan a buɗe Littafi Mai Tsarki a gwada maganar kowannensu, kamar yadda mutanen Biriya suka gwada ta Bulus. Makarantun tauhidi na Kaele da Meiganga su ma suna da hakkin koya wa ɗalibansu irin wannan karatu. Ikkilisiyar da ke son wa'azi mai gina jiki, sai ta sa kuɗin littafi cikin kasafinta kamar yadda take sa kuɗin kwanon rufi.