Samanja da Wasannin Barkwanci na Talabijin Kaduna

Wasan barkwanci mai dogon zango, wanda 'yan wasa ɗaya ke dawowa duk mako da sabon rikici a wuri guda, ya shigo ƙasar Hausa ne ta rediyo kafin talabijin. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, kuma a can aka saba wa jama'a da wasannin da ake bi mako-mako, irin su Zaman Duniya Iyawa Ne na Alhaji Yusuf Ladan, Ɗan Iyan Zazzau. Da aka haɗe tashoshin talabijin na ƙasa a ƙarƙashin NTA a 1977, kowace tasha ta fito da nata gwani: Golobo a Sakkwato, Karkuzu a Jos, Kaduna kuwa tana da Karambana na Ƙasimu Yero, Bazazzagi, da kuma Samanja Mazan Fama.

Samanja shi ne ya fi kowa nisa. Usman Baba Pategi, Banufe kuma tsohon soja, ya fara shirin a shekarun 1970. Fagen wasan bariki ne: samanja mai tsawa da zare ido a gaban kurata, wanda da zarar hafsa ya ɓullo, ko uwargida ta ɗaga murya, sai jikinsa ya yi la'asar. Amma gishirin wasan yana bakinsa ne. Hausarsa barikanci ce, wadda ba ta damu da bambanta namiji da mace ba, ta cakuɗe da Turancin fareti, ana ba da umarni da ita kamar ana sare itace.

A Zariya wannan harshe ba baƙo ba ne. Tun 1924 cibiyar soja ta Depot ke horar da kuratan soja a garin, ga kuma barikin Basawa kusa da Samaru. Mutumin unguwar Dogarawa da ke cefane a kasuwar Sabon Gari yana jin irin wannan Hausa a bakin matan soja suna tayin tumatir, don haka in ya ga Samanja da daddare, wanda ya sani yake yi wa dariya. Talabijin kuwa a lokacin ba kowane gida ke da ita ba. Akan kafa eriya a kan doguwar gora, a juya ta wajen Kaduna har hoton ya daina rawa, yaran unguwa su cika tsakar gida, waɗanda suka makara su leƙa ta taga.

A shekarun 1980 NTA ta ɗauki shirin ta riƙa watsa shi a duk faɗin Najeriya. An rage Hausa, an ƙara Turancin buroka don mutanen Kudu su fahimta. Suna ya ƙaru, amma an yi asarar wani abu, domin rabin dariyar tana cikin jin yadda ake karya Hausa ne, kuma sai mai Hausa ke jin wannan.

Daga 1990, da fitowar fim ɗin Turmin Danya a Kano, kaset ɗin bidiyo ya fara janye masu kallo daga tashoshin gwamnati, barkwanci ya koma hannun su Rabilu Musa Ibro.

Inda tarihin ya bambanta da na irin waɗannan wasanni a Amurka shi ne wajen adanawa. I Love Lucy, wanda tashar CBS ta nuna daga 1951 zuwa 1957, a kan fim aka ɗauke shi, shi ya sa aka yi ta maimaita shi shekaru da dama ana cin riba. A tashoshin Najeriya kaset yana da tsada, sau da yawa akan goge tsohon shiri a naɗi sabo a kai. Ƙasimu Yero ya rasu a 2017, Pategi kuma a Nuwamban 2023, kuma abin da matasa ke samu na wasanninsu a yau yawanci gutsattsari ne a YouTube, masu dusasshen hoto.