Kitabul Manazir: Littafin da Ya Mayar da Ido Abin Aunawa

Kafin likita ya sa wa wani dattijon Tajaye madubin roba a ido bayan ya cire masa yana, irin wannan madubin ya riga ya sha gwaji a cikin wani idon da ba na mutum ba. Ɗan ƙaramin akwati ne na gilashi cike da ruwan gishiri, a gabansa an kafa wani madubi a madadin fatar gaban ido, a bayansa kuma na'urar ɗaukar hoto. A tsoma madubin a ciki, a haska, a duba yadda hoto ya fito. Ɗaliban aikin ido ma da idon roba suke fara koyon haska fitila kafin a bar su su taɓa na mutane. Wanda ya bi sawun wannan dabara zai tarar da kansa a Alƙahira, gaban littafin da Alhasan Ibnul Haisam ya rubuta tsakanin 1011 da 1021.

Mutumin Basra ne, an haife shi wajen 965, ya rasu wajen 1040. Masu tarihi sun ruwaito cewa ya yi wa sarki Alhakim alkawarin tsare ambaliyar kogin Nilu, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai ya yi haukan ƙarya don ya tsira da wuyansa. A zaman kaɗaicin da ya biyo baya ake jin ya tsara maƙaloli bakwai na Kitabul Manazir.

Maƙala ta farko ce ta fi kama ni. A zamaninsa masu bin masanan da, Uƙlidis da Baɗlimus, na cewa haske daga ido yake fita ya je ya taɓo abin da ake kallo. Ibnul Haisam bai tsaya cacar baki da su ba. Ya tunatar da mai karatu zafin da ido ke ji idan ya kalli rana, da tabon hasken da ke saura bayan an rufe ido, sannan ya ce a zo a gwada. A jera fitilu a waje, a bar ƴar ƙofa guda zuwa cikin ɗaki mai duhu. A jikin bango za a ga ɗigon haske daidai da yawan fitilun, kowanne yana daura da tasa fitilar. A rufe fitila ɗaya, nata ɗigon kaɗai zai ɓace. Ke nan haske a miƙe yake tafiya, kuma hasken fitilun ba ya cakuɗewa duk da cewa ta rami ɗaya ya bi. Wanda ya taɓa yin ƙailula a ɗakin ƙasa mai ƙyauren kwano da ƙusa ta huda, ya ga inuwar masu wucewa tana tafiya a bango kai a ƙasa, ya riga ya ga rabin wannan babi da idonsa.

Daga nan ne ya yi abin da ya sa nake ɗaukar littafin kakan idanun roba na yau. Ya ɗauki bayanin sassan ido daga littattafan likitoci, ya mayar da shi lissafi. A wurinsa fatar gaban ido da fuskar madubin ciki da'irori ne masu cibiya ɗaya, kuma daga kowane ɗigo na abin da ake kallo, hasken da ya faɗo a tsaye cak shi ke ratsawa ba tare da ya karye ba. Da wannan ya warware matsalar da ta gagari magabata: yadda ido ke bambance sama da ƙasa, dama da hagu, alhali haske na shigo masa ta kowace fuska. A maƙala ta uku har allon katako ya siffanta, mai gurbin hanci, da ƴan sandunan kakin zuma masu launi da ake jerawa a kai don a gane lokacin da idanu biyu ke ganin abu ɗaya da lokacin da suke ganinsa biyu. Kafinta zai iya sassaƙa shi yau.

Littafin ba ya rasa aibi. Yana da maimaici, kuma maƙala ta biyar, inda yake neman wurin da haske ke dawowa daga madubi mai doro, dutse ce da sai gwanin lissafi zai hau. Babban kuskurensa kuwa a tsakiyar ginin yake. Ya bi likitan da, Jalinus, a kan cewa madubin cikin ido ne ke fara karɓar gani, kuma da yake bai yarda hoto ya isa ƙwaƙwalwa a kife ba, sai ya tsara hasken ya karye kafin ya gitta. Mutumin da ya ga abin da ɗaki mai duhu ke yi, sai ya ƙi yarda ido ma haka yake yi. Yanzu kowane aikin cire yanar ido shaida ne a kansa: ana cire wannan madubin ɗungurungum, a sa na roba, kamar yadda Harold Ridley ya fara a Landan a 1949, mutum ya tashi yana gani.

Sai dai waɗanda suka gyara shi, da tsaninsa suka hau. An fassara littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, aka buga shi a Basel a 1572. A 1604 Kepler ya nuna cewa a tantanin bayan ido hoto ke sauka, kuma a kife. Scheiner ya feɗe bayan idon dabba ya ga hoton da kansa. A Tabriz ma, tun farkon ƙarni na 14, Kamaluddin Alfarisi, wanda ya yi wa littafin sharhi, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa ya mayar da shi ɗigon ruwan sama don ya gano sirrin bakan gizo. Allvar Gullstrand na Suwidin, wanda ya sami kyautar Nobel a 1911, shi ya ba ido lambobin da har yau ake dogara da su: tsawo kusan milimita 24, ƙarfin tara haske kusan diyofta 60, kashi biyu cikin uku daga fatar gaba.

Abdulhamid Sabra ya fitar da nassin Larabci na maƙaloli uku na farko a Kuwait a 1983, kuma muna da malaman da Larabcin ba zai gagare su ba, daga zaurukan Ƙonni da Illela har Jami'ar Musulunci ta Say da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Rokona gare su shi ne su fassara mana maƙala ta farko zuwa Hausa. Malaman makaranta kuwa ba sai sun jira ba: kwali, allura, kyandir uku da idon sa guda daga wurin mahauta sun isa a yi wa yara darasin.