Ranar da Matan Zumunta Suka Karɓe Majami'a

Lahadin da aka rufe makon Zumuntar Mata a majami'armu da ke Kafanchan, tun ƙarfe bakwai na kama benci kusa da taga, don na san wanda ya makara sai dai ya yi leƙe daga waje. Ranar ce maza ke ja gefe su bar wa iyayenmu mata komai. Su ke addu'a, su ke karanta Littafi Mai Tsarki, su ke wa'azi, su ke karɓar baiko. Fasto kansa yana zaune cikin jama'a, ya naɗe hannu kamar baƙo.

Kuma tun yanzu in faɗa muku, ba alƙalanci na zo yi ba. Ni na riga na kamu da son waɗannan mata, mai neman aibinsu sai ya nemi wani marubucin.

Kafin ka gan su, tulu za ka fara ji. Wayyo, tulun nan! Tukunyar ƙasa ce kawai, an girke ta a kan gammo, wata dattijuwa ta riƙe soso mai kauri tana buga bakinta. Amma sautin da ke fita ba a kunne yake sauka ba, a ƙirji yake sauka, dum, dum, har ka ji bencin da kake kai yana amsawa. Ƙananan tuluna masu huda a gefe suna bi da tafin hannu, kacau-kacau yana yayyafi a sama, kuge yana riƙe da lissafi don kada ƙafar kowa ta kuskure. Sannan suka shigo layi biyu, zani iri ɗaya, ɗankwali iri ɗaya, kowace ta ɗan sunkuya, taku gajere, kafaɗa na tafiya tare kamar an ɗaure su da igiya guda. Akwai wadda na san gwiwa na damunta, da sanda take zuwa kasuwa. Ranar ban ga sanda ba.

Mai ba da waƙa wata 'yar siririya ce da ke sayar da citta. In ka gan ta a bakin buhunanta ba ka ce za ta iya ɗaga murya ba. Ta jefa baiti, mata suka cafe, ta sake jefawa tun ba su sauke ba. Da Hausa suka fara, can sai ta juya zuwa Jju, ɓangaren Bajju ya ɓarke da guɗa. Ta koma Tyap, ta taɓa Hyam don mutanen Kwoi, ta dawo Hausa ta haɗe kan kowa. A ƙasar da kana wuce tsauni ɗaya harshe ya sauya, ban san wasu da suka iya wannan ɗinki kamar su ba. Waƙoƙin kuma yawanci nasu ne, su suka tsara, ba daga Littafin Waƙoƙi ba. Suna yabon Allah, sai kuma ka ji sun karkato kan miji mashayi ko matar da ta fi son gulma da tukunyarta, majami'a ta kwashe da dariya, wanda aka taɓa yana ta duban silin.

Abin ba jiya ya fara ba. Tarihin da ake bayarwa shi ne a 1930 aka dasa shi a Miango, can ƙasar Filato, bayan wata mata ta kusa rasa ranta wajen haihuwa. Matan mishan ɗin SIM suka yi karo-karo aka sayi keke don a riƙa kai mai naƙuda asibiti. Keke fa! Ku lura, tun ba a fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 ba, tun ECWA ba ta tsaya da ƙafarta a 1954 ba, matan sun riga sun haɗa kai. Daga nan abin ya bazu har ya zama da wuya ka sami ekklisiya a Kagoro, Zonkwa, Manchok ko Kachiya da ba ta da nata, Katolika ma suna da Zumuntar Matan Katolika, da nasu zanen.

Wata ƙawata da ta yi karatu a Amurka ta taɓa ba ni labarin ƙungiyoyin 'yan uwantaka na ɗalibai mata a jami'o'insu, irin Alpha Kappa Alpha da aka kafa a Jami'ar Howard a 1908, wadda Kamala Harris ma 'yarta ce. Suna da launinsu, ruwan hoda da kore, suna da waƙoƙinsu da takunsu, kuma wadda ta shiga ta shiga ke nan har tsufa. Na bar ta ta gama, na ce mata ai mu a gida muka tashi muka tarar da wannan. Bambancin kawai, namu ba ya tambayar takardar shiga jami'a. Malamar Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da mai tuyan ƙosai a bakin tashar jirgin ƙasa benci ɗaya suke zama, kuma in mai ƙosan ce aka zaɓa Uwar Zumunta, to malama sai ta ce "To, Mama," ta bi.

Waƙar ita ce abin da ake gani, amma aikin ya fi yawa a ranakun da ba kowa ke kallo ba. Suna da yammar da suka ware kowane mako, da magatakarda mai rubuta sunaye, da ma'aji mai ƙulle kuɗi a bakin zani kafin ta kai littafi. A irin wannan zama kakata ta koyi haɗa baƙi. In an yi haihuwa su ne da sabulu da itace. In an yi biki su za su zaunar da amarya su yi mata faɗan da uwarta ke jin nauyin yi. In kuwa mutuwa ce, kafin dangi na nesa su iso, sun riga sun share tsakar gida, sun ɗora tukunyar gwate, sun kewaye gwauruwar da waƙa mai sanyi har gari ya waye. Shekarun da Kudancin Kaduna ta sha wuya, na gan su suna dafa wa mutanen da suka kwana a harabar majami'a, ba wanda ya aike su.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma ba da su nake ba. Da samarin nan nake, masu piyano da lasifika, waɗanda suka ga dole sai sun sa hannu. Ana tsakiyar waƙa ta uku wani ya ƙure sauti har ya danne tulu. Uwar Zumunta ba ta ce uffan ba, juyowa kawai ta yi ta dube shi. Yaro ya janye yatsunsa kamar ya taɓa garwashi. Na so in tashi in yi guɗa.

Da aka tashi, na tsaya a bakin ƙofa ina ta "Sannunku, Mama, Allah ya ƙara ƙarfi." Dattijuwar mai babban tulu ta fito ta ɗora shi a ka, ta kama hannuna ta ce, "Ke 'yar nan, kullum daga taga kike tafi. Yaushe za ki ɗaura zani?" Na ce muryata ba ta da daɗi. Ta ce kacau-kacau ba ya bukatar murya, in zo da wuri, akwai guda da ba mai kaɗawa.